Takwas a Allon Boko, Uku a Zauren Baffa

A shekarar 1976 aka kai ni firamare, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE na karatu kyauta ga kowane yaro. Ba a nemi takardar haihuwa ba, don babu mai ita a cikinmu. Hedimasta ya sa na ɗora hannun dama a ka na kamo kunnen hagu, da yatsuna suka taɓa sai aka rubuta sunana. Gidanmu yana cikin lungunan da ke tsakanin Madabo da gindin Dutsen Dala, inda idan mai kura ya shigo da jarkokin ruwa sai kowa ya manne da bango kafin ya wuce.

Daga aji ɗaya zuwa uku da Hausa ake koya mana komai, Turanci darasi ne kawai kamar lissafi. Ranar da muka shiga aji huɗu aka ce daga yau duk wanda ya yi Hausa a aji monita zai rubuta sunansa. Aji ya yi tsit, yaran da ke cika unguwa da surutu suka koma kamar an ɗinke musu baki. A wannan shirun aka fara mana nahawun Turanci.

Malaminmu ya ja layi bakwai a allo, ya raba shi gida takwas, kowane gida ya sa masa suna. Muka ɗauka da murya ɗaya, da irin karin da muke biya karatun allo da shi, jiki na rangaji: nawun, furonawun, bab, ajaktib, adbab, firifozishin, kwanjankshin, intajakshin. Kowanne da ta'arifinsa, shi ma da Turanci, shi ma hadda. Hadda kuwa ba baƙuwarmu ba ce, mun saba wanke allo tun muna 'yan shekara huɗu, don haka cikin mako guda babu wanda bai iya zubo su ba. Amma da za a ce mu ɗauko jimla ɗaya mu nuna wace kalma ce ta wane gida, da bulala ta ƙare a jikinmu. Ta kuwa sha ƙarewa.

Wata la'asar ina zaune a dakalin zauren Baffa, wan mahaifina, ina maimaitawa. Baffa ɗinkin hula yake yi, amma bayan asuba da bayan la'asar magidanta ne ke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, kowa da littafinsa mai rawayar takarda a gafaka. Ya ɗago kai daga kan hular da ke gwiwarsa.

"Kai ɗan boko, me kake ta nanatawa tun ɗazu kamar mai tilawa?"

"Baffa, rabe-raben kalmomin Turanci ne. Gobe Malam zai tambaya."

"Nawa ne?"

"Takwas."

"To, mu a nan uku ne. Na farkon me yake nufi?"

Na zubo masa ta'arifin da Turanci ba gargada. Ya ce in faɗa da Hausa, na yi zuru. Bai yi faɗa ba. Ya nuna butar alwalarsa da allura, ya ce mene ne wancan, na ce buta. Ya ce, "Wannan shi ne isimu, suna ke nan. Ɗauko ta." Na ɗauko. "Me ka yi?" Na ce na ɗauko. "Wannan fi'ili, aiki ne da ke tafe da lokacinsa. Ajiye ta a tabarma. To, wannan 'a' ɗin da na ce, ita kaɗai me take nufi?" Na ce ba komai. Ya ce, "Sai ta jingina da wani take magana. Ita ce harafi." Da yayana da ke Kwalejin Rumfa ya dawo, Baffa ya sa shi ya fassara masa takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana tura kowanne gidansa: furonawun da ajaktib da adbab duk ya kai su ɗakin isimu, firifozishin da kwanjankshin ya haɗa su da harafi. A kan na ƙarshen ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a bar shi a bakin ƙofa tukuna. Kafin a kira magariba na gane abin da na yi wata guda ina rerawa.

Sai da na girma na san cewa abin da Baffa ya yi mini da buta tsohon gado ne a unguwarmu. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, kuma Madabo tana cikin wuraren da karatu ya fara kafa gindi. Littafin farko da ake ɗora almajirin nahawu a kai shi ne Ajurrumiyya, na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a birnin Fas a 1323, daga nan a haura zuwa Alfiyyar Ibn Malik mai baiti dubu. A ƙasar nan ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Ibn Ajurrum ba Balarabe ba ne, mutumin Magrib ne daga ƙabilar Sanhaja, Sibawaihi kuma, wanda ake kira limamin nahawun Larabci, Bafarishe ne. Wanda ya shigo harshe daga waje shi ya fi buƙatar sanin ginshiƙansa, shi ya sa yake ganin abin da ɗan gida ba ya lura da shi. Malaman zaurenmu sun san wannan, don haka ba su taɓa koyar da Larabci da Larabci zalla ba. Malam zai karanta kalma ya fasa ta da Hausa, ya ce wannan fa'ili ne, wancan maf'uli, har Zaidu da Amru na cikin misalai su zama kamar 'yan unguwa.

Turanci kuwa jiya-jiya ya zo. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, bayan ganuwa, kuma da Hausar boko ya fara. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ita ta yaye malaman farko da suka yaɗa Turanci a midil-midil na Arewa. Gidajen nan takwas da muka haddace su ma ba Turawan Ingila suka ƙirƙiro su ba, daga Girkawa suka gangaro ta hanyar Latin, aka auna wa Turanci rigar da aka yanka don wani. Ga nahawu biyu a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, amma ba sa gaisawa. Malamin boko yana ganin zaure ba shi da abin da zai ƙara masa, malamin zaure kuma ba a taɓa tambayarsa ba. Wuraren da suka haɗu kaɗan ne: makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, sai kuma ƙirjin mutane irin Malam Aminu Kano. Gidansa na Gwammaja tafiyar ƙafa ce daga namu, kuma lokacin zaɓen 1979 mun sha bin manya mu tsaya a bayan taro. Mutumin da ya yi Shahuci da Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, ya je Landan ya ƙaro ilimin koyarwa, shi ne kuma zai zauna ya yi tafsiri da azumi, ya juyo ya yi wa talaka bayanin tsarin mulki da Hausar da tsohuwa mai ƙosai za ta gane. Mu yara mun ɗauka baiwa ce tasa shi kaɗai. Ba wanda ya gaya mana cewa hanya ce da ake iya bi.

A 1982 na shiga kwalejin horon malamai. A can na gamu da wani malami ɗan Ghana wanda har gobe nake yi wa fatan alheri. Kowace Litinin sai mun rubuta insha'i shafi guda, kafin Alhamis ya dawo da shi jajawur da biro. Ba ya gyara maka, layi yake ja a ƙarƙashin kalmar, ya rubuta harafi ɗaya a gefe, kai za ka je ka gano laifinka ka sake rubutawa. Mu arba'in ne da 'yan kai, kuma kowa ya san jan bironsa. Littattafanmu su ne Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay, da ɗan ƙaramin littafin Fitikides na kurakuran Turanci, wanda aka fara bugawa a 1936, sai ƙamusun Hornby da muke karɓa-karɓa mu biyar. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin barin ƙasa, 'yan Ghana da yawa suka tafi, shi ma ya bi ayari. Bayan tafiyarsa ba a sake karanta rubutuna layi-layi haka ba.

Duk da haka akwai abin da littattafan nan ba su iya yi mana ba. Fitikides malami ne a tsibirin Kubrus, bai taɓa jin yaron Kano yana magana ba. Tuntuɓen Bahaushe a Turanci yana da nasa duwatsun, kuma mafi girmansu a kan aikatau yake.

Dubi yadda muke faɗar lokaci. Na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. Lokacin yana rataye ne a jikin ɗan ƙaramin abin da ke gaban aikatau, wanda masu nahawun Hausa ke kira lamirin lokaci. Da "na zauna" da "zan zauna" da "nakan zauna", kalmar "zauna" ko gezau ba ta yi ba. Turanci kuma cikin aikatau ɗin kansa yake shiga ya sauya masa kama. Yaron da ya rubuta "yesterday I go" hankalinsa daidai yake aiki: ya riga ya ce jiya, me kuma ake nema a jikin aiki? Sai ga wasu aikatau kusan 200 da ba sa bin ƙa'idar ƙara wutsiya, kowanne da taurin kansa. Sai ga "s" ɗin da ake liƙa wa aikin mutum ɗaya, alhali an gama koya wa yaro cewa "s" alamar jam'i ce. Sai ga "is" da "are" da aka ce aikatau ne, alhali "ne" da "ce" namu ba aikatau ba ne, dirka ce, kuma jinsi take bi, ba ta san jiya ko gobe ba.

Wani dutsen kuma faɗin kalmominmu ne. "Ji" ɗaya ce a bakinmu, da ita muke jin magana, mu ji yunwa, mu ji ƙamshi, mu ji Larabci. Turanci ya raba wannan aikin wa kalmomi huɗu. "Ara" ita ce ta mai karɓa da mai bayarwa, na ari biro, na ara masa biro, don haka "borrow me" take fitowa ba tare da yaro ya ji wani abu ya karkace ba. Magani sha ake yi ko da ƙwaya ce. Wanda zai fita ya dawo "ina zuwa" yake cewa, shi ya sa za ka ji "I am coming" daga bakin mutumin da ya ba ka baya. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya fito daga daƙiƙanci. Nahawun Hausa ne lafiyayye ya sa kayan aro.

Na fara koyarwa a 1987 ban san wannan ba. A shekarata ta biyu wata yarinya 'yar aji biyar, mai zama a benci na gaba, ta ɗaga hannu a tsorace ta ce, "Malam, don Allah me ya sa go ya koma went? Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba." Na ce mata haka Bature ya ce, ta haddace kawai. Ta sauke hannu, ba ta ƙara tambayata komai ba har ta fita daga makarantar. Shekaru bayan haka na karanta cewa "went" asalinta ta wani tsohon aikatau ce, "wend", mai ma'anar bin hanya, "go" ya ƙwace ta ya mai da ita tasa. Tambayarta tana da amsa mai daɗin ji, irin wadda yaro ba ya mantawa. Har yau idan na tuna yadda ta sauke hannun nan sai zuciyata ta sosu.

Da na koma karatun NCE na haɗa Turanci da Hausa, a nan idona ya buɗe. Na karanta littafin nahawun Hausa na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, na ji labarin F.W. Parsons wanda a 1960 ya tsara aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Ashe namu aikatau ɗin ma yana sauya kama, sai dai ba don lokaci ba. Ka tsaya a Kasuwar Kurmi ka saurara. Ya sayi fata. Ya sayo fata, wato ya taho da ita nan. Ya saye fatun, bai bar ko ɗaya ba. Ya sayar da fata, ta bar hannunsa. Fata ta sayu, ciniki ya faɗa. Saiwa ɗaya, wasalin ƙarshe da karin sauti kawai ke juyawa, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskure a ciki. Bature sai ya ɗebo kalmomi biyu ko uku kafin ya faɗi abin da "sayo" ta faɗa ita kaɗai. Ranar da na fara rubuta wannan a allo kafin darasin lokutan Turanci, na ce wa yara, kun ga ku ma kuna lanƙwasa aikatau, ku don alƙibla da cikar aiki, su don lokaci, sai na ga fuskoki sun saki. Wani yaro a baya ya fara jero nasa da kansa: ɗauka, ɗauko, ɗauke, ɗauku. Wani mai duba makarantu ya taɓa samuna ina haka, ya ja ni gefe ya ce darasin Turanci ba wurin Hausa ba ne. Na ba shi haƙuri, amma ban daina ba.

Yau abubuwa sun sauya ta inda ban zata ba. Yaran Dala na yanzu kunnensu ya fi namu sabawa da Turanci nesa ba kusa ba. Suna jin sa a waya, a sharhin ƙwallon Ingila a gidan kallo, a bakin 'yan hidimar ƙasa. Ba sa tsoronsa kamar yadda muka ji tsoronsa, kuma wannan alheri ne, ba na so a raina shi. Ingausa ta zama ruwan dare, yarinya za ta ce maka ta yi "submitting" ba tare da ta ji ta fita daga Hausa ba. Kuma ko a nan nahawunmu ne ke mulki, don ta mai da kalmar suna, ta kawo "yi" ta ɗauke ta, kamar yadda muke cewa yin barci ko yin magana. Ƙamusun Oxford ma a 2020 ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da Kannywood. Kusan kowane lungu yanzu akwai makarantar kuɗi a gidan da aka rushe soro aka yi bene, kuma abin da iyaye ke fara tambaya shi ne ko yaro zai fito yana Turanci.

Jan biron ne ya ɓace. Ajin ƙarshe da na riƙe a makarantar gwamnati yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa, wasu a taga. Malamin da zai karanta insha'i ɗari duk mako, a aji uku ko huɗu, sai dai in ba zai yi barci ba. Sai nahawu ya koma tambaya da zaɓi huɗu, A zuwa D. Kiredit a Turanci shi ne mabuɗin jami'a, ko a WAEC ko a NECO, ga JAMB kuma tana jira da kwamfutarta, don haka yaro yana haddace tsofaffin tambayoyi kamar yadda muka haddace gidaje takwas. Zai zaɓi "has gone" daidai a cikin huɗu, amma ka ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa ya gaya masa yayarsa ta tafi Zariya, sai alƙalami ya tsaya. Haddar ce dai har yanzu, littafin kawai aka canza.

Gwamnati kuma tana ta kai gwauro tana kai mari. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa, a koma Turanci daga baya. A 2022 aka ce harshen uwa har aji shida. A ƙarshen 2025 aka soke wannan, aka ce Turanci tun daga tushe. Ni da na yi shekaru da alli a hannu, gardamar ba ta taɓa inda ke yi mini ƙaiƙayi ba. Ko da wane harshe aka rubuta a takardar manufa, malamin aji huɗu a Gwammaja ko Ƙofar Mazugal da Hausa zai yi bayani idan yara suka yi zuru, don ba shi da wata dabara. Abin da nake so a ba shi shi ne sanin yin hakan da kyau: ya san inda harsunan biyu suka rabu, ya san cewa rabin ajinsa da yamma suna Islamiyya ana gaya musu fi'ili madi da mudari'i da amri, ya ɗauko wannan ya ɗora Turanci a kai. Kwalejojin horon malamai irin tamu an rufe su tuni, kuma mai koyon Turanci a kwalejin ilimi yana iya gamawa bai taɓa zama a darasin nahawun Hausa ba.

Baffa ya rasu da daɗewa. Zauren yana nan, an yi masa siminti an sa fanka, ni ne kuma yanzu ake kira Baffa a gidan. Kwanan baya 'yar ƙanena, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, ta same ni a can da wayar babarta a hannu.

"Baffa, an ce 'off the light' kuskure ne. Na duba a waya ta ce in ce 'switch off', amma ba ta gaya mini dalili ba. Kowa fa haka yake faɗa."

Na ce ta faɗa da Hausa. Ta ce kashe fitila. Na tambaye ta wace kalma ce aikin, ta ce kashe. Na ce to a Turancin littafi "off" ba ta iya ɗaukar aiki ita kaɗai, 'yar rakiya ce, sai ta jingina da wani take magana, mu ne muka ɗora mata nauyin "kashe" don bakinmu ya saba da aikatau a wannan gurbin. A kasuwa kowa zai gane ta, a takardar jarrabawa kuma ta kawo mai aikin tare da 'yar rakiyarsa.

Ta yi shiru tana jujjuya wayar, sannan ta ce, "Wato kamar harafi ke nan, irin na Islamiyya?"

Na ce kusan haka.

"To Baffa, 'ne' da 'ce' fa? Isimu ne su, ko fi'ili, ko harafi?"

Ladanin masallacin unguwa ya riga ya fara gyaran murya a lasifika. Na ce ta ajiye wayar ta miƙo mini buta, in an idar da salla ta zo da littafin rubutu da biro.